Yadda za ka karanta halin matuƙin kwamfuta a wasan jiragen yaƙi, ka kuma kayar da shi

A fadarmu ta Zango, idan an sauke shayi na biyu bayan isha'i, akwai wani ƙanena da ba ya barin tsohuwar kwamfutata ta huta. Ran nan jirgin abokan gaba ya harbo shi sau huɗu a jere, sai ya ture sandar tuƙi gefe ya ce, "Yaya, wallahi kwamfutar nan maguɗi take yi. Ina bayansa daidai, ban ko taɓa kunama ba ya kauce, sai ka ce yana da ido a ƙeya." Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin kuwa laifin hannunsa ne, domin ya yi ta jan sanda har gudun jirginsa ya ƙare, ya tsaya a sama kamar kazar da aka ɗaure. Wannan jagorar amsa ce gare shi da ire-irensa. Matuƙin da kwamfuta ke sarrafawa yana da ɗabi'u ƴan kaɗan da yake maimaitawa, kuma wanda ya iya riƙe jirginsa ya kuma san ɗabi'un nan ba zai sha wuya a hannunsa ba.

Wasan da za ka ɗora

A Damagaram dole mu duba ƙarfin na'ura da tsadar intanet kafin komai. DCS World na kamfanin Eagle Dynamics kyauta ake sauke shi, har da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, amma yana cin wuri mai yawa a kwamfuta, yana son na'ura mai ƙarfi, kuma sabuntawarsa kaɗai ta isa ta cinye kuɗin intanet ɗinka na wata. Falcon BMS, wanda aka gina a kan Falcon 4.0 na 1998, gwani ne ga mai son F-16, sai dai karatunsa kamar shiga jami'a ne. Ni shawarata IL-2 Sturmovik: 1946, wanda ya fito a 2006 daga zuriyar wasan da Oleg Maddox da mutanensa suka fara fitarwa a Rasha a 2001. Yana da jiragen Yaƙin Duniya na Biyu sama da 200 da za ka iya tuƙawa, yana tafiya a kan kwamfutar hannu ta gwanjo, kuma ba ya neman intanet idan da kwamfuta za ka kara. Misalaina daga shi za su fito, in ya so na taɓo DCS can gaba.

Ka duba lambar sigar wasanka. Daga siga ta 4.11, wadda ƴan sa-kai na Team Daidalos suka yi, an gyara halin matuƙan kwamfuta sosai. Kafin nan suna hango ka ta cikin gajimare da ta ƙarƙashin cikin jirginsu, injinsu kuma ba ya zafi ko da sun wuni a cike da totur. Idan sigarka ta girmi wannan, ƙanena yana da hujja a kanka, ka nemi sabuwa.

Gyaran hannu

Da madannan kwamfuta kaɗai ba a tuƙa jirgin yaƙi, domin maɓalli bai san "kaɗan" ba, ko ka danna ko ba ka danna ba. Sandar tuƙi irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M ta wadatar, kuma duka biyun ana murɗa su don juya wutsiya. Ka yi saƙo wurin mai zuwa Kano ko Yamai. Kafin ta iso, manet ɗin wasan ƙwallo mai shiga USB za ta yi maka rakiya, ko da yake sandunanta gajeru ne, motsi kaɗan sai jirgi ya zabura.

A wurin saitin na'urori akwai ma'auni goma ga kowane ɓangaren motsi. Idan duka suna kan 100, jirgi zai riƙa firgita. Ka sa na farko ƙasa-ƙasa, wajen 30 ko 40, su riƙa hawa har na ƙarshe ya kai 100, ta yadda tsakiyar sanda za ta yi laushi lokacin saiti. Da manet ka ƙara ɗan fili a tsakiya inda motsi ba ya aiki. Maɓallan da za ka haddace ba su da yawa: I na tayar da inji, G na tayoyi, V da F na saukewa da ɗage leɓen fiffike (faifan bayan fiffike da ake saukewa don jirgi ya iya tafiya a hankali), R na buɗe lagireto, W na ƙarin ƙarfin gaggawa, M na taswira, Tab na rediyo, A na miƙa wa kwamfuta tuƙi. Yawancin kwamfutocinmu masu jerin baƙaƙen Faransanci ne, W tana ƙasa inda Z take a na Ingilishi, don haka ka shiga ka sake jera su yadda yatsunka za su same su cikin duhu.

A shafin wahalar wasa kada ka kashe ɓarin iska da katantanwa, ko murɗar farfela, waɗanda bayaninsu ke tafe, ko duhun ido da ke kama matuƙi a juyi mai tsanani, ko zafin inji. Wanda ya koya ba tare da su ba ya koyi abin da sai ya sake kwancewa. Abin da za ka sassauta wa kanka a makonnin farko shi ne alamomin da ke nuna nisan jirage, da kallon jirgi daga waje, da harsashi marar ƙarewa. Sannan a watan Afrilu, da zafi ya haura digiri 40, ka ɗora kwamfutar a kan abin da iska ke ratsa ƙarƙashinta, ka kuma hure ƙurar hunturu daga fankarta. Hoton da ke tsinkewa yana ɓata saiti fiye da kowane gwanin abokin gaba.

Kai da jirginka, ba kowa a sama

Zaɓi jirgi ɗaya ka zauna masa wata guda. Yak-1 na Sobiyet ko Bf 109 F-4 na Jamus sun dace da mai koyo. Buɗe Quick Mission Builder, wato wurin haɗa faɗa cikin sauri, kada ka sa abokin gaba ko ɗaya, ka fara daga mita 3,000.

Darasin farko shi ne ɓarin iska. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bin bayansa a manne. Idan kusurwar da yake saran iska ta wuce wajen digiri 15 zuwa 20, iskar sai ta ɓalle, ɗagawa ta zube, fiffike ɗaya ya faɗi. Rage totur har ƙasa, ka riƙe hanci a miƙe, ka ga a wane gudu jirgin ke fara rawa. Rubuta lambar. Yanzu ga abin da ke kashe masu koyo: wannan lambar ba a tsaye take ba. Idan ka kwantar da jirgi digiri 60 kana juyawa ba tare da ka sauka ba, nauyin da ke kan fiffike ya ninka biyu, gudun da iska ke ɓallewa kuma ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Jirgin da ke ɓarin iska a kilomita 150 cikin awa yanzu zai yi shi a wajen 212. Idan ka ja har nauyi ya ninka huɗu, lambar ta koma 300. Shi ya sa mutum ke rantsuwa cewa yana cikin gudu sosai amma jirgi ya kife da shi. Hannunsa ne ya yi nauyi.

Idan ka ƙi sakin sanda bayan fiffike ya faɗi, jirgi zai shiga katantanwa, hanci ƙasa yana wulwulawa. Maganinta a jere yake: mayar da totur ƙasa, dawo da sanda tsakiya, murɗa wutsiya gaba ɗaya zuwa kishiyar ɓangaren da kake juyawa, sannan tura sanda gaba. Da juyin ya tsaya ka saki wutsiya, ka bar gudu ya taru, ka ɗago a hankali. Wanda ya fizgo da sauri zai koma cikinta karo na biyu, kuma ƙasa ta matso. Ka shiga katantanwa da gangan sau goma ta dama, sau goma ta hagu, har hannunka ya daina tambayar kanka.

Tashi daga ƙasa kuma yana da nasa tarko. Farfela tana murɗa jirgi zuwa kishiyar juyinta. Bf 109 hagu yake ja, sai ka tare shi da wutsiya ta dama. Yak dama yake ja, domin farfelarsa juyin akasi take yi. Ƙara totur sannu-sannu, kamar mai kabu-kabu da ya ɗauko tsohuwa, kada ka banka shi lokaci guda.

Zauna ka kalli yadda yake tunani

A nan na fi so ka daɗe, domin a nan ribar take. Haɗa karo ɗaya da ɗaya, jirgi iri ɗaya, ka danna A ka naɗe hannu. Kwamfuta za ta karɓi jirginka ta yi faɗan da ƴar'uwarta. Kalli ma'aunin gudu, kalli lokacin da take juyawa da lokacin da take hawa. Bayan kowane faɗa naka kuma ka adana hoton wasan ka sake kallonsa daga bayan jirgin abokin gaba. Abin da ka ɗauka sihiri ne za ka ga ƙa'ida ce.

Matuƙin kwamfuta ba ya shirya dabara mai nisa. Yana cikin hali guda a kowane lokaci: ko yana bin hanyar da aka zana masa a taswira, ko ya hango abokin gaba yana kai hari, ko an biyo shi yana kare kansa, ko ya ji rauni ya nufi gida. Kowane hali yana da ƴan motsin da aka tanadar masa, sai ya zaɓi ɗaya bisa nisanka da kusurwarka da bambancin tsayinku da irin jirgin da yake ciki. Wasan ya san jiragen da suka fi iya juyi da waɗanda suka fi iya sura su wuce, kowanne da salon da ake ba shi. Da ya fara wani motsi yakan kai shi ƙarshe kafin ya sake shawara, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne ƙofarka. Mutum yana iya yaudararka ya fasa a tsakiya. Shi da wuya.

Matakan gwaninta huɗu ne: Rookie, Average, Veteran da Ace. Jirgin bai canza ba, abin da ke canzawa shi ne nisan da yake hango ka, saurin da yake amsawa, yawan waiwayensa, da kyan harbinsa. Na matakin farko yana buɗe wuta daga nesa ya zubar da harsashi a banza, kuma sau da yawa za ka lallaɓo ta ƙasan wutsiyarsa bai sani ba. Na matakin ƙarshe yana kaɗa wutsiya lokaci-lokaci ya duba bayansa, yana harbi daga kusurwa mai wuya ya samu, kuma da ka shigo nisan harbi zai karya.

Ga inda ƙanena ya yi gaskiya. Kwamfuta ba ta kuskuren hannu. Tana riƙe jirgi a bakin ɓarin iska daidai ba tare da ta zarce ba, daidaiton jirginta kullum cif yake, ba ta manta lagireto, kuma da zarar ta gan ka ba ta ruɗewa da launin ƙasa yadda idonka ke ruɗewa a kan ƙaramin allo. Saboda haka duk faɗan da ya koma na wa ya fi iya tatsar jirgi a ƙaramin gudu, ita ce da nasara. Rauninta yana wani wurin. Tana son karon gaba da gaba, tana bin wanda ta sa wa ido ko da wani na bayanta, tana kashe tsayinta ba lissafi idan ta ga abin bi, kuma idan ta ji rauni sai ta miƙe sak zuwa filinsu kamar jakin da ya ji ƙanshin gida.

Karon gaba da gaba kada ka karɓa. Caca ce da wanda hannunsa ba ya rawa. Tun kuna nesa da juna wajen kilomita ɗaya ka ɗan sauke hanci ka goce gefe, ka wuce ta ƙasansa inda sai ya tura sanda gaba kafin ya same ka, sannan ka mayar da gudun da ka tara zuwa hawa.

Tsayi jari ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauta ya ga yadda shirwa ke aiki. Ba ta sauka ta yi kokawa da kowa. Tana shawagi a sama, ta zaɓi lokacinta, ta suro, ta koma inda ta fito ko ta samu ko ba ta samu ba. Alexander Pokryshkin, gwanin matuƙan Tarayyar Sobiyet, ya jera wa ɗalibansa abin a kalmomi huɗu: tsayi, gudu, motsi, wuta. Tsayi ne farko saboda ana canza shi ya zama gudu a duk lokacin da aka so, gudu ma ana mayar da shi tsayi. A lissafi, jirgin da ke kilomita 500 cikin awa idan ya ɗaga hanci har gudunsa ya sauko 250 ya sayi wajen mita 700 na sama. Juyi mai tsanani kuwa kashe kuɗi ne da ba ya dawowa, iska ce ke cinye shi.

A aikace ga yadda za ka yi. A Quick Mission Builder ka zaɓi a ba ka fifikon tsayi, ka sa abokin gaba ɗaya na mataki na biyu. Tsaya mita 800 zuwa 1,000 a samansa, rana a bayanka idan ta samu, domin a sababbin sigogi hasken rana da gajimare suna rage masa gani. Oswald Boelcke ya sa wannan cikin ƙa'idojinsa takwas tun 1916. Mirgina ka sauko ta bayansa, ka rage totur kaɗan kada gudu ya sa sanda ta yi tauri. Idan ya karya da juyi mai tsanani, kada ka bi shi. A nan kusan kowa ke faɗuwa, domin zuciya tana cewa saura ƙiris. Miƙe fiffike, ɗaga hanci a hankali, koma sama, leƙo shi ta gefen gilashi. Juyin da ya yi ya ci masa gudu, kai kuwa jarinka na nan. Sura ta biyu za ka same shi ya fi sanyi, ta uku ya kusa tsayawa. Sau da yawa zai yi ƙoƙarin ɗago hanci ya biyo ka, ya rataye a sama ba gudu, kuma babu lokacin da ya fi wannan daɗin harbi.

Salo yana bin jirgi. Bf 109 gwanin hawa ne, da shi kake wannan wasan shirwa a kan Yak da I-16. Fw 190 ya fi kowa saurin mirginawa amma juyinsa ba kyau, ɓarin iskarsa kuma ba gargaɗi. La-5FN da Yak sun fi ƙarfi ƙasa da mita 3,000, don haka idan kana cikinsu ka ja faɗan ƙasa, kwamfuta kuwa za ta biyo ka da murna. Zero na Japan ba a juyi da shi, abin da Claire Chennault ya yi ta gargaɗin matuƙansa na P-40 a kai game da jiragen Japan masu sauƙin nauyi ke nan, amma sandarsa tana tauri a babban gudu, don haka nutsewa ƙasa tana raba ka da shi. Hurricane na farko kuma injinsa yana shaƙewa idan ka tura sanda gaba da ƙarfi, saboda man ya daina isa, sai dai ka mirgina ka ja.

Idan kai aka biyo, kada ka miƙe kuma kada ka hau. Juya da ƙarfi zuwa ɓangaren da yake fitowa don kusurwar harbinsa ta yi faɗi. Idan ya fi ka gudu zai zarce, sai ka juyo kansa. Idan kana da fili a ƙarƙashinka, mirgina ka kife ka ja ta ƙasa ka fita ta inda ka fito, amma ka tabbata kana da aƙalla mita 1,000. Ka riƙa sa ido a kan zafin inji: lagireto a buɗe lokacin hawa da sintiri, a rufe lokacin da kake neman gudu, W kuma na ƴan mintuna ne.

Kada ka hau mataki sai ka ci biyar a jere. Daga ɗaya da ɗaya a kan Average ka koma Veteran, sannan ka cire fifikon tsayi, sannan biyu a kanka kai kaɗai. Wannan na ƙarshe shi zai koya maka waiwaye.

Harbi

Matsa kusa. Erich Hartmann, wanda aka lissafa wa jirage 352, an san shi da jira har abokin gaba ya cika masa gilashi kafin ya taɓa kunama. Faɗin fiffiken Bf 109 ko Yak-1 wajen mita 10 ne. A madubin saitin jiragen Jamus, idan fiffiken ya cika zoben daga gefe zuwa gefe yana mita 100, idan ya cika rabi yana 200. Daga 200 zuwa ƙasa ake harbi. Igwar Yak-1 harsashi 120 gare ta, daƙiƙa tara zuwa goma ke nan idan ka danne, don haka ka riƙa sakinsu ƴan kaɗan-kaɗan.

A shafin ɗora makamai akwai nisan da harsasan bindigogi ke haɗuwa, kuma wasan yana zuwa da shi a kan mita 500. Ya yi nisa ƙwarai, musamman ga jirage masu bindiga a fiffike irin Hurricane da P-40. Mayar da shi 200 ko 250. A nan kuma za ka rage mai zuwa rabi idan faɗan kusa ne, jirgi ya yi sauƙi.

Sai gaban da ake ba wa abin harbi, wanda duk yaron da ya taɓa jifan kurciya da danƙo ya sani. Jirgin da ke gilma maka a kilomita 400 cikin awa yana cin mita 111 a daƙiƙa. Harsashi yana ɗaukar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya kai mita 200. Ke nan sai ka harba wajen mita 30 a gabansa, tsawon jirginsa sau uku. Idan kusurwar digiri 30 ce kawai daga wutsiyarsa, rabin haka. Masu koyo kusan kullum a baya suke harbi, don haka idan kana shakka ka ƙara.

Masu ɗaukar bama-bamai

Maharban da ke bayan He 111 ko Ju 88 sun yi suna wajen sa mutum ya kashe kwamfuta cikin fushi. Lissafinsu yana da sauƙi idan ka zauna a bayan jirginsu daidai kana matsowa a hankali, domin a idonsu ba ka motsi. Harsashi ɗaya a lagireto ko a inji ya gama da kai. Ka wuce su ta gefe daga nesa, ka hau, ka juyo ka zo ta gaba ko ta sama a karkace da gudu mai yawa, ka saki wuta daƙiƙa ɗaya a kan gilashin hanci ko inji ɗaya, ka wuce ta ƙasa ba tare da ka miƙe ba. Zagayen yana cin lokaci, amma za ka koma gida da injinka. Il-2 kansa, jirgin Sobiyet da wasan ya ari sunansa, sulke ne da shi, harbin bayansa ɓarnar harsashi ce, sai dai ka nemi lagireton mai da ke ƙarƙashin cikinsa. Na farkonsa mai kujera ɗaya ba shi da maharbi a baya, sai daga ƙarshen 1942 aka ƙara.

Naka mutanen

Abokan tafiyarka ma kwamfuta ce, da duk halinta. Idan ba ka ce musu komai ba za su manne maka, su yi harbi ta kan kafaɗarka, wani lokaci su same ka, ko su ƙarasa jirgin da ka sha wuya a kansa. Danna Tab ka ba da umarni da wuri, tun abokan gaba suna ɗigo-ɗigo a nesa. Idan ku huɗu ne, tura biyu su far wa jiragen yaƙi, ka ce wa naka ya rufa maka baya. Tsarin biyu-biyu cikin huɗu shi ne wanda Werner Mölders da abokansa suka gyara a yaƙin basasar Sifen, kuma wasan a kansa yake tafiya.

Akwai dabarar da ke cin kwamfuta kusan kullum saboda nacinta a kan wanda take bi. Idan an biyo ka, kada ka gudu daga abokinka, ja mai binka ka gilma da shi ta gaban hancin abokin. John Thach na sojan ruwan Amurka ya yi amfani da irin wannan saƙa a yaƙin Midway cikin Yunin 1942 don jiragen Wildcat su tsira daga Zero. Haka nan idan ka ga an bi naka, mai binsa ya shagala, shi ne mafi sauƙin samu a duk sararin. Bayan faɗa ka kira su su dawo layi, kuma ka rage totur zuwa kashi 70 ko 80, in ba haka ba ba za su cim maka ba.

Wanda ya samu na'urar da za ta ɗauki DCS zai tarar da wani abu daban. A can jirage da yawa na kwamfuta suna tashi da lissafi mai sauƙi fiye da wanda ake yi wa naka, shi ya sa za ka ga MiG-15 nata yana hawa kamar nauyi bai shafe shi ba. Kada ka gwada ƙarfin jirginka da nata. Amma wurin tsara aiki yana ba ka linzami: kana iya hana ta buɗe wuta sai an harbe ta, ko ka hana ta kunna ƙarin wutar inji, ko ka zaɓa mata yadda za ta amsa barazana. Da haka kake gina abokin atisaye daidai ƙarfinka. A sabon jerin IL-2 da ya fara da Battle of Stalingrad kuwa, kwamfuta da kai lissafin tashi ɗaya kuke amfani da shi.

Ranar da intanet ya yi kyau ka shiga karo da mutane, ka sani wasu ɗabi'un da kwamfuta ta koya maka za su ci amanarka. Mutum ba ya biyo ka sama ya rataye, yana iya yin kamar ya gudu alhali abokinsa na samanka, kuma ba ya miƙewa gida don ya ji rauni.

Saura sauka, wadda ta kashe jirage a fadarmu fiye da harsashi. Ka sallami abokan tafiyarka ta rediyo su koma gida tukuna, ko ka bar su su riga ka, domin suna bin layin saukarsu ba tare da sun damu da wanda ke gabansu ba. Zagaya fili a mita 300 zuwa 400, rage gudu ƙasa da 300 ka sauke tayoyi, sannan leɓen fiffike. Shigo da wajen 200, kana gyara saukowa da totur, kana gyara gudu da hanci. Dab da ƙasa ka kashe totur ka ɗago hanci kaɗan har tayoyi uku su taɓa tare a wajen 150. Riƙe sanda a cikinka, taɓa birki kaɗan-kaɗan kada jirgi ya dungura, kuma da gudu ya mutu ka fice daga titin zuwa gefe, don na bayanka yana tafe kuma ba zai kauce ba.